Lugude a Bayan Motar Hukuma

Mastura ta ɗaga taɓarya sama ke nan za ta sauke a kan lalle, idonta ya faɗa kan ƙurar da ta taso daga gabas. Ta san ƙurar awaki, ta san ta jakunan masu sayar da ruwa, wannan ba ko ɗaya ba ce. Ta miƙe doguwa, tana gudu, ga gilasai na walƙiya a ƙarƙashinta. Motoci ne manya, kuma masu launin hukuma.

"Inna lillahi! Yau ma? Ranar Juma'a?"

Ta juye lallen a faranti, ta shiga dukan turmi wayam da sauri, ba hutawa. Duk wanda ya taɓa kwana a Zangon Gwangwani ya san wannan ƙarar. Turmi mai hatsi muryarsa a tausashe take, wanda babu kome a cikinsa kuwa ihu yake yi. Nan da nan turmin Bashira ya amsa daga ƙarshen layi, wani ya karɓa daga bayan masallaci, unguwa ta ɗauka gaba ɗaya.

Mijinta Haladu na zaune gaban wanzami ana yi masa askin Juma'a. Ya zabura da rabin kai a aske, rabi da gashi, kumfa na bin wuyansa. Ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya dubi Mastura, ya dubi 'yarsu Zaituna da ke barci a bayanta, ya bi sahun mazan da ke kwarara ta lungu zuwa kwari.

Zangon nan yana kudu da Jidda, can bayan Waziriyya, inda gari ya gaji ya tsaya. Da gwangwanayen man fetur aka gina shi, a fasa su, a baje, a buga a jikin katako. Mutanensa 'ya'ya ne da jikokin alhazan da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa, guzuri ya ƙare, komawa ta gagara. Wasu sun dace da takarda, kamar mahaifin Mastura, marigayi Abdulghani, shi ya sa ita take yawo a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, da farantin lallenta ba fargaba. Haladu kuwa a goye aka shigo da shi, uwar ta rasu kafin ya yi wayo. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya yi kanta, rabin shinkafar da Jidda ke ci ta bi ta kafaɗarsa, amma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da kafili mai tsaya masa a wurin hukuma. Ranar da aka kama shi, jirgi za a sa shi zuwa ƙasar da bai san ko mutum ɗaya a cikinta ba.

Saboda irinsa ne unguwa ta yi wa kanta dabara. A tsakiyar busasshen kwarin da ke gefen Zango akwai wata tsohuwar kwalbati, doguwa, ta wata hanya da aka fara aka watsar. Ƙaya da shara sun rufe bakinta. Da an ji turmi wayam, duk marar takarda can yake shigewa, kuma ba ya fitowa sai ya ji lugude, mata da yawa a turmi ɗaya, da tafi da cilla taɓarya. Ko uwarka ka ji tana kira, ka toshe kunne.

Mastura ta ga ƙeyar namiji na ƙarshe ta ɓace a gangaren kwari, ta sauke ajiyar zuciya. Har wani daɗi ta ji, don yau ita ta fara hangowa. Ta mayar da lallenta turmi, ta gyara lulluɓi, ta ɗaure fuska irin ta matar da ba ta san kome ba.

* * *

Motar gaba ta yi birki a ƙofar masallaci, sauran suka tsaya bayanta. Mata suka tsaya a bakin ƙofofi suna jiran masu kaki su diro. Wanda ya diro mutum ɗaya ne, dogo, baƙi, da farar riga, yana ihu tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

"Sel! Ambaliyar ruwa na tafe! Yalla, ku fito, ku ɗauko yara!"

Mastura ta saki baki. Yayanta ne, Othman, uwa ɗaya uba ɗaya. Rabonsa da Zango tun ranar ɗaurin aurenta, ranar da ya ce ta ɗauki darajar gidansu ta miƙa wa ɗan dakon da ko suna ba shi da shi a wurin hukuma. Shi yanzu direba ne a ma'aikatar da ke lura da magudanan ruwa, yana zaune a gidan siminti, 'ya'yansa Hausar ma da ƙyar suke haɗa ta. Ko sunan Zaituna bai zo ba.

"Yaya, lafiya?"

"Ina lafiya, ya bint! Tun asuba ake tafka ruwa a kan duwatsu. Can aka tura mu muna duba turakun awon ruwa da muka kafa a saman kwarin nan. Ruwa ya shanye farin fenti, ya shanye ja, ya tuge turken ma ya tafi da shi. Yana bayana, wallahi yana bayana!" Ya waiga hagu da dama. "Ina mazan? Su zo su kama a loda tsofaffi."

Mastura ta waiga gangaren kwari inda mazan suka ɓace. Da hannunta ta tura su, da taɓaryar nan da take riƙe da ita.

"Suna kwa…"

"Rufe mana baki!"

Inna A'i ce, tsohuwar da duk Zango ke shakka, ta fito tana dogara sanda. Ita ta kafa dokar turmi, kuma ba a banza ba. Shekarun baya masu kame suka tsare ta, suka ce ta kira mijinta Adamu, tambaya kawai za a yi masa. Ta kira, ya fito daga inda ya ɓuya yana murmushi. Daga ranar ba ta sake ganinsa ba, ko labarin kabarinsa ba ta samu ba. Ɗansu guda, Idris, yana cikin kwalbatin nan yanzu.

Ta tsaya gaban Othman, ta nuna sama da sanda. "Ɗaga kai, ɗan Abdulghani. Ka ga hadari? Ka ga ko gajimare kamar tafin hannu? Rana na neman soya mana ƙwaƙwalwa, ka zo kana mana tatsuniyar ruwa. Da can da sanda suke zuwa, yanzu sun koyi turo namu. Nawa aka ce za a ba ka a kan kowane kai?"

"Haram alaiki, Inna! Ni zan yi haka?"

"Kai da ka ƙi jininka saboda takarda, me zai gagare ka?"

Maganar ta sami Othman, kuma kowa ya ga ta same shi.

Mastura ta dubi sama. Gaskiyar Inna ce, sama fes take, ko tsuntsu babu. In ƙarya yayanta yake yi ta fito da su, to ta miƙa mijinta da mazan unguwa duka ga jirgi, kuma har ta mutu ba mai sake amsa sallamarta. In kuwa gaskiya ya faɗa ta yi shiru, a cikin ramin nan ruwa zai tarar da su, ba ƙofar baya, ba tsani. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta dafa jikin motar don kada ta faɗi da goyo.

Hannunta ya nutse cikin abu mai sanyi. Ta duba, ashe laka ce, ja, ɗanya, ta shafe tayoyi har ta haura ƙofa. Ta kai hanci ta shinshina. Ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka ne, wanda Jidda kan yi shekara ba ta ji ba. Ta dubi rigar yayanta, daga gwiwa zuwa ƙasa jiƙe take sharkaf, ƙafarsa ɗaya babu takalmi. Othman ɗin da ko ƙura ba ya bari ta taɓa shi!

Ta dumbuzo lakar ta kai gaban tsohuwa. "Inna, shinshina. A ina za a samo wannan a garin nan yau?"

Inna A'i ta murza lakar a yatsu. Ta taɓe baki. "Mai son kama mutum ba zai rasa tulun ruwan da zai kwaɓa ƙasa ba."

Sai Othman ya juya, ya zare mabuɗin motar, ya kamo hannun tsohuwar ya danƙa mata. "Riƙe. Motar hukuma ce, in ta kwana a nan ni za a ɗaure. In kin ga an taɓa mutum ɗaya yau, ki jefa shi rijiya. Amma don girman Allah, Inna, ku gaya mini inda suke."

"Suna cikin kwalbati," in ji Mastura, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Othman ya ɗora hannu biyu a ka. "La haula! A bakin ruwan? A bakin ruwan kuka zuba su?"

Ba maganarsa ce ta karya Inna A'i ba, yadda fuskarsa ta koma toka ne. Ta taɓa ganin fuskar maƙaryata, ta san ba haka take ba. Ta ɗaga murya, muryar da ba wanda ya san tana da sauranta.

"Bashira! Ɗauko taɓarya! Ku kuma kun tsaya kallona, ku kwashi yara ku hau motocin can!"

* * *

Iska ta riga ta juyo daga gabas, mai sanyi, tana kwashe sauti tana kai shi teku. Lugude daga cikin unguwa ba zai kai kwari ba. Suka kinkimi turmin Mastura suka ɗora a bayan motar, mata suka ɗare. Inna A'i ta shiga gaba, ta zura mabuɗin da kanta, ta ƙi sakin igiyarsa.

"Kai murɗa, ni ina riƙe."

Motar ta yi tsalle a kan duwatsu har bakin gangare. Daga nan ana hango bakin kwalbati a ƙasa, shiru, sai ƙaya. Mastura ta zuba ragowar lalle a turmi, ta ƙara ɗaure goyo, ta sauke taɓarya. Bashira ta bi. Bugu biyu bai isa lugude ba, sai ga Inna A'i ta fito daga gaba, an turo ta sama bayan motar, ta yar da sanda ta karɓi taɓarya ta uku.

Kai, ranar an ga daka! Ƙarfen motar ya ɗauki sautin ya ninka shi, kwari ya amsa. Tsohuwar da ke tafiya da ƙyar ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Sauran mata suka kewaye su da tafi. Zaituna ta farka ta tsala kuka, ba wanda ya kula ta.

Ƙaya ta motsa. Kai ɗaya ya leƙo, wani ya biyo, maza suka fara fitowa suna kakkaɓe riguna suna dariya. Haladu ne a gaba, da rabin askinsa. Ya ɗaga kai don ya ga inda luguden ke fitowa, dariyar ta ɗauke. Motar hukuma ce tsaye a kansu, ga mai farar riga a gefenta.

"Tarko ne! Ku koma!" wani ya yi ihu.

Suka juya suna turereniya a bakin ramin. Mata na ta kururuwa, "Ruwa! Ruwa!" amma wa zai saurara? An riga an koya musu kada su saurara. Daga gabas kuma wani gurnani ya taso, ƙasa-ƙasa, kamar ana niƙa a babban dutse, har motar na karkarwa.

Mastura ta saki taɓarya. Tun da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ko a bayan idonsa. Abu Zaituna take cewa, kafin haihuwa kuma Malam. Ko wata ta ambaci mai irin sunan, sunkuyar da kai take yi. Ta tsaya a kan ƙarfen motar, gaban yayanta, gaban dattawa da maƙwabta, ta cika ƙirji da iska.

"Haladu! Haladu, ka dube ni! Ruwa ne, Haladu!"

Ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a cikin rami. Ya san matarsa. Ko wuƙa aka sa mata a wuya don ta kira shi, Abu Zaituna za ta ce. Abin da ya fito da sunan nan daga bakinta ya fi ƙarfin kame. Ya juyo ya dube ta, ya dubi inda take nunawa, ya kasa kunne.

"Ku fito!" Ya daka tsawa irin wadda yake yi a tasha in kaya za su faɗo. "Sel ne, wallahi sel ne! Idris, jawo na ciki! Ku hau tudu!"

Ya tsaya a bakin kwalbati yana fizgo mutane yana turawa. Othman ya tattare riga ya gangara da gudu, ya kama ɗaya gefen. Ba su gaisa ba, ba su ko dubi juna ba, wannan ya fizgo ya miƙa wa wancan. Na ƙarshe shi ne Malam Mahmudu ladan, wanda gwiwoyinsa suka daɗe da ƙin aiki. Haladu ya sunkuya ya saɓa shi a kafaɗa yadda yake saɓa buhu, ya fara hawa, Othman na tura shi ta baya.

Ruwan ya ɓullo daga kwana, ja wur, tsayinsa ya fi mutum, yana tafe da kututturen dabino da ƙyauren wani da akuya tana juyawa. Ya daki kwalbati, ya cike ta, ya haura ta sama. Harshensa ya lashi Othman har ƙugu, ya kusa ɗauke shi. Haladu ya dire ladan a tudu, ya kwanta rub da ciki, ya cafko wuyan farar rigar, ya fincike shi sama. Suka zube tare a cikin ƙasa suna haki.

Inna A'i ta sauko tana bin mazan ɗaya bayan ɗaya, tana taɓa fuskokinsu tana kiran sunan uwar kowa. Ta zo kan Idris ta riƙe kunnensa kamar yaro, ta wuce, ta kai ƙarshe. Ba wanda ya ɓace. Ta juyo ta rangaɗa guɗa, mata suka karɓa, maza na kabbara, wasu na kuka ba kunya. Mastura ta zauna a gefen turmi, dariya da hawaye suka haɗe mata, daɗi kamar ya kashe ta. Sai da Bashira ta zungure ta ta ce, "Oh, ashe kin san sunansa?" sannan kunya ta rufe ta, ta ja lulluɓi har hanci.

* * *

Ruwa ya ci rabin Zango. Layin su Mastura ko katako bai bari ba, gwangwanayen da aka yi shekaru ana bugawa sun tafi teku. Motoci suka kwashe mutane zuwa filin wata makaranta a kan tudu, inda aka kafa tantuna. Maza marasa takarda suka hau motar da suka yi rayuwarsu suna gudu, suka tsaya a tsaye a bayanta, iska na dukan fuskarsu, Idris har da ɗaga wa mutanen hanya hannu.

Da la'asar aka kawo agaji, shinkafa da dabino da barguna. Shinkafa kowa ya ci, don attajiran Balad ne suka aiko da ita a manyan tukwane, ba su tambayi kowa kome ba. Bargo kuwa sai an je gaban tebur an nuna iƙama. Masu ita suka yi layi, sauran suka koma bayan tantuna suka zauna, kamar ba su ne ruwa ya kusa ci ɗazu ba. Mastura ta karɓo guda ɗaya, na mutum ɗaya, ranta na ƙuna.

Othman ya iso da ƙafa ɗaya a ɗaure da tsumma. Ya tsuguna gaban Haladu, ya daɗe yana wasa da tsakuwa.

"Abu Zaituna," ya ce da ƙyar, "in an natsa, ka zo mu je ofis. In kafili suke so, ga ni. Ban ce za su yarda ba, amma za su gaji da ganina."

"Allah ya saka, Yaya," in ji Haladu. Ya ɗauko Zaituna ya ɗora masa a cinya. Yarinyar ta dubi baƙon, ta kama hancinsa ta murɗa.

Can wani direba ya kunna rediyon mota don a ji labarai, mutane suka taru. Mai karatu ya yi bayanin ruwan da aka yi a duwatsu, da hanyoyin da suka yanke, da shagunan da suka lalace. Daga ƙarshe ya ce ambaliyar ta fi ƙarfi a kwarin kudu, amma alhamdu lillahi ba a yi asarar rai ba, kasancewar wurin fili ne da ba kowa ke zaune a cikinsa.

Sai Inna A'i ta tuntsire da dariya, har tana riƙe ciki, dariyar ta bi mutane layi-layi.

Mastura ba ta yi dariya ba. Ta warware bargon nan guda, ta yafa wa mijinta a kafaɗa, ta ja ɗaya gefen ta rufa wa kanta. Ta cikin bargon tana jin ɗumin jikinsa da numfashinsa na hawa da sauka. Ta tura masa farantin shinkafa gabansa.

"Ka ji, an ce babu kai," ta ce a hankali. "Ci abinci, tun bai huce ba."

Haladu ya yi bismilla, ya cika hannu.